Fayilolin .vdm da foldar Quarantine: shin in goge su ko in bar su?

Mai Shago, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu, kuma kwamfuta ɗaya ce take ɗauke da dukan aikin, tun daga takardun neman aiki har zuwa ayyukan kammala karatu na ɗalibai. Yau kwana uku ke nan tana nuna mini cewa ma'ajiyarta ta kusa cika. Yaron shagona ya sa wata manhaja mai jera fayiloli bisa girmansu, sai ya ci karo da waɗansu masu nauyi da sunayensu suka ƙare da .vdm, irin su mpavbase.vdm da mpasbase.vdm, a can cikin wata ɓoyayyar folda mai suna ProgramData. Kusa da su akwai wata folda da aka rubuta wa Quarantine, a cikinta kuma akwai fayilolin da sunayensu jerin lambobi da haruffa ne kawai, babu ɗigo babu komai a ƙarshensu. Ya gwada goge su, kwamfutar ta ƙi yarda, shi ne ya yanke hukuncin cewa bairos ne, domin a cewarsa bairos kaɗai ke ƙin goguwa. Yanzu so yake ya tayar da kwamfutar daga filash ya share su da ƙarfi, amma na ce ya dakata sai na ji ta bakin waɗanda suka fi mu sani.

Akwai kuma matsala ta biyu. Jiya wata ɗaliba ta kawo filash domin a buga mata aikinta, da muka saka sai muka tarar da dukan foldojinta suna ɗauke da wata 'yar kibiya a gefe, kuma idan aka danna ɗaya sai wani baƙin allo ya ɓullo ya ɓace nan take. Ta tafi gida da hawaye, filash ɗin yana hannuna. Ina roƙon shawara a kan duka biyun.

Ɗalibi, Batagarawa:

Wa alaikumus salam, Yaya. A ganina yaronka yana da gaskiya. Ƙa'idar da nake bi a laftof ɗina ita ce, duk fayil ɗin da ban san haruffan ƙarshen sunansa ba, ko kuma wanda ya ƙare da .exe, to ba na barinsa ya kwana. Fayilolin kirki su ne .docx da .pdf da .jpg da .mp4, sauran kuwa abin zargi ne. Ka goge su, sannan ka ƙara antibairos na biyu a kan wanda kake da shi, domin abin da ɗaya ya bari ɗayan zai kama. Filash ɗin kuma a wanke shi baki ɗaya, ɗalibar ta sake buga aikinta.

Injiniya, Daura:

Ƙanena Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka, amma da za a bi ƙa'idar nan taka sau da ƙafa, da Windows kanta za a fara gogewa, domin Word da Chrome da manhajar da take tuƙa firintar Mai Shago duk fayilolin .exe ne. Mai Shago, ina roƙonka ka hana yaron nan taɓa komai.

Fayilolin da ya gani na Microsoft Defender ne, wato antibairos ɗin da yake zuwa a jikin Windows 10 da Windows 11. Kowace manhajar kariya kashi biyu ce. Akwai injin da yake duba fayiloli, akwai kuma kundin da aka tara alamomin miyagun manhajoji a cikinsa, wanda injin yake dubawa kafin ya ce wannan fayil lafiya yake, wancan kuma mugu ne. Fayilolin .vdm su ne wannan kundin. Idan ka duba da kyau za ka ga guda huɗu ne: mpavbase.vdm da mpavdlta.vdm na ƙwayoyin cuta, sai mpasbase.vdm da mpasdlta.vdm na manhajojin leƙen asiri. Biyun da suke da base a sunansu su ne manyan, su ne tushe, ba kullum ake sauya su ba. Biyun da suke da dlta ƙanana ne, su ne ƙarin da ake aikowa sau da yawa a rana ɗaya. Wanda ya goge su ya bar mai gadi a bakin ƙofa ne bayan ya ƙwace masa littafin da yake ɗauke da kamannin ɓarayi. Ƙin goguwar da suka yi ma da gangan aka tsara shi, domin abu na farko da mugun shiri yake nema idan ya shiga kwamfuta shi ne ya lalata wannan kundi.

Kowane kamfani da irin wutsiyar da yake sa wa nasa kundin, wato haruffan da suke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil. Avira tana amfani da .vdf, ESET tana aiko sabuntawarta cikin fayilolin .nup, McAfee ta shahara da fayilolin .dat, ClamAV kuma, wadda kyauta ce kuma a buɗe take ga kowa, tana da main.cvd da daily.cvd.

Ita kuwa foldar Quarantine ɗakin killacewa ce. Idan antibairos ya kama fayil, ba lallai ne ya hallaka shi nan take ba, sai ya ɗauke shi daga inda yake, ya rikita abin da ke cikinsa ta yadda ba zai iya aiki ba, ya sauya masa suna, ya ajiye. Dalili shi ne wani lokaci yakan kama mai gaskiya, kuma idan haka ta faru daga ɗakin nan ne kawai za a iya dawo da shi. Idan kana son ka share abin da ke ciki, ka buɗe Windows Security ka shiga Protection history, ka ga sunan kowanne da inda aka ɗauko shi, sannan ka cire daga can. Kuma ina tabbatar maka ba waɗannan ne suka cika maka ma'ajiya ba, domin duka kundin na Defender lissafin megabait ake yi masa, kai kuwa gigabait kake nema.

Tsohon Akawu, Ƙofar Soro:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni da na fara aiki da kwamfuta tun zamanin MS-DOS, ina mamakin yadda yaran yanzu suke amfani da ita shekara da shekaru ba su taɓa ganin cikakken sunan fayil ba. A wancan lokaci suna ba ya wuce harafi 8, sai ɗigo, sai harafi 3, kuma dole ka rubuta shi da hannunka, saboda haka kowane akawu ya san cewa .com da .exe da .bat su ne masu tashi su yi aiki, sauran kuma ajiya ce kawai. Daga baya Windows ta zo da ɗabi'ar ɓoye wutsiyar duk fayil ɗin da ta san irinsa, wai don a sauƙaƙa wa mutane, kuma har gobe da haka take fitowa daga kamfani.

An ga sakamakon wannan sauƙi a watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da wata tsutsar kwamfuta ta taso daga Manila ta ƙasar Filifin ta karaɗe duniya cikin 'yan kwanaki ta hanyar imel. Sunan fayil ɗin da take aikawa LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs, amma da yake an ɓoye wutsiyar ƙarshe, abin da mutane suke gani ya tsaya ne a TXT, sai su ɗauka rubutu ne marar illa su buɗe. Kura ce da fatar akuya, kuma har yau dabarar ba ta tsufa ba.

Ɗalibi, jikana, ga wani abu da zai rushe maka lissafi. A zamanin faifan bidiyo na VCD, fim ɗin da ke ciki fayil ne mai ƙarewa da .dat. Kundin McAfee shi ma .dat ne, haka nan NTUSER.DAT da Windows take ajiye saitin mai amfani da ita a ciki. Wutsiya ɗaya, abubuwa uku da ba su da dangantaka ko kaɗan. Sannan Brain, wanda wasu 'yan uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ake lissafa shi a matsayin bairos na farko na irin kwamfutocinmu, ba shi da wata wutsiya da za ka gani, domin a sashen tayar da faifai yake maƙalewa.

Malama, Ƙofar Marusa:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka riga ni faɗin abin da nake fara koya wa ɗalibaina a makon farko. Bari in koma kan filash ɗin yarinyar nan, domin shi ne ya fi gaggawa, kuma don Allah kada a wanke shi.

Mai Shago, aikinta yana nan, ko shakka ba na yi. Ka duba bayanin filash ɗin, za ka ga sararin da aka cinye bai ragu ba. Abin da wannan cuta take yi shi ne ta ɓoye foldojin gaskiya, sannan ta ƙirƙiri fayilolin gajeriyar hanya masu wutsiyar .lnk da sunayensu. Idan ka danna, sai ta fara tayar da kanta, yawanci wani fayil ne na .vbs ko .js da yake ɓoye a filash ɗin, wani lokaci ma ta buɗe maka foldar daga baya don kada ka yi zargi. Baƙin allon da kuka gani yana ƙiftawa shi ne lokacin da umurninta yake gudana. Ma'ana, tun da kun danna, ya kamata a ɗauka cewa kwamfutar shagon ita ma ta kamu, kuma duk filash ɗin da aka saka mata tun jiya yana iya fita da cutar.

Saboda haka daga kwamfutar za a fara. Ka sabunta kundin Defender, ka sa ya yi cikakken bincike, ka bi bayansa da binciken da ake kira Offline scan, wanda yake sake tayar da kwamfutar ya duba ta kafin Windows ta gama tashi. Bayan haka ka saka filash ɗin, ka sa a bincike shi ba tare da ka buɗe komai ba. Idan an gama, ka buɗe Command Prompt, kuma in harafin filash ɗin E ne, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Wannan umurni yana cire alamar ɓoyewa daga kan komai, sai foldojin gaskiya su bayyana. Ka kwashe aikinta zuwa wani wuri, ka goge masu kibiya, daga nan in an so a wanke filash ɗin.

Ka kuma sa Windows ta riƙa nuna wutsiyoyi. A File Explorer ka shiga View ka sa alama a File name extensions, a Windows 11 kuma yana ƙarƙashin Show. Sai dai akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ko ka yi haka, .lnk ba ta bayyana, Windows tana ci gaba da ɓoye ta. Da kibiyar za ka gane ta, ko kuma ka jera fayiloli ta yadda za ka ga layin da yake faɗin irin kowanne.

Mai Gyara, Sabuwar Unguwa:

Duk na yarda da maganar Malama a kan filash, aikina ne na kullum. Amma ina da ja a kan yadda ake ta cewa a sabunta, a sabunta, kamar dai sabuntawa ba ta da nata haɗarin. Da farko dai data kuɗi ce, kuma mai shagon da yake sayen mai ya zuba a janareta ba zai so kwamfuta tana shan datarsa a ɓoye ba. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi wannan kundin da Injiniya yake yabo ya sha zama shi ne cutar.

Ranar 21 ga Afrilu, 2010, McAfee ta saki kundi mai lamba 5958, sai ya ɗauki svchost.exe, wanda ginshiƙi ne a jikin Windows XP, a matsayin bairos. Kwamfutocin ofisoshi da dama suka riƙa mutuwa suna tashi babu tsayawa. Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wani ƙaramin fayil na bayanai ga kwamfutocin da suke amfani da manhajarsa, sai suka faɗi da shuɗin allo. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Kuma mene ne maganin? A shiga kwamfutar ta Safe Mode, wato yanayin da Windows take tashi da abubuwan dole kawai, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291. To, ga shi nan, an goge fayil ɗin antibairos da hannu kuma an samu lafiya. Don me za a ce yaron Mai Shago ya yi ganganci?

Ni kaina wata manhajar kariya ta taɓa cinye mini shirin lissafin kuɗi na wani mai kanti bayan ta sabunta kanta da dare, na wuni ina ba da haƙuri. Tun daga ranar, kwamfutar da take aiki lafiya ina barin kaza cikin gashinta.

Injiniya, Daura:

Malam Mai Gyara, duk abubuwan da ka kawo sun faru, kuma ba zan rage musu nauyi ba. Amma ka duba bambancin. A lamarin 2024 kamfanin ne da kansa ya gano wane fayil ne ya lalace, ya janye shi cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, ya fito ya faɗi sunansa, sannan aka goge wancan guda ɗaya. Yaron shago kuwa ya ga suna ne bai gane shi ba, sai ya ɗauki jahiltar sunan a matsayin hujja. Kuma wannan labari naka ya ƙara ƙarfafa maganar Baba, domin fayil ɗin yana ƙarewa da .sys, wutsiyar da aka saba gani a jikin direbobin Windows, wato ƙananan manhajojin da suke tuƙa na'urori irin su firinta, alhali kamfanin ya bayyana cewa ba direba ba ne, fayil ne na bayanai. Ko ƙwararru sai da sunan ya ruɗe su a sa'o'in farko.

Game da mai kantin nan, ina tambayarka: ta ina ka dawo da shirin nasa? Na tabbata daga ɗakin killacewa ne. Da wani ya riga ka share ɗakin domin neman sarari, da ba haƙurin wuni ɗaya za ka bayar ba.

Barin kaza cikin gashinta yana da kyau ga kwamfutar da take zaune ita kaɗai a ɗaki, ba ta ganin intanet, ba ta ganin filash. Ta Mai Shago kuwa kamar tasha take, filash nawa ne suke shiga jikinta daga safe zuwa magariba a lokacin da ɗalibai suke miƙa ayyukansu? Kundin da ya yi wata shida ba a sabunta shi ba ya san ɓarayin bara ne kawai. Batun data kuma yana da mafita. Ƙarin da ake aikowa kullum ƙarami ne, abin da yake da nauyi shi ne cikakken kundi. Microsoft tana ajiye shi a shafinta cikin fayil guda mai suna mpam-fe.exe, wanda ya haura megabait 100, kuma mai kwamfutoci biyar yana iya sauke shi sau ɗaya ya zagaya da shi a filash mai tsabta ya sabunta su duka, har da wadda ba ta taɓa hawa intanet ba. Sharaɗin kawai shi ne daga shafin Microsoft za a ɗauko shi, ba daga hannun wani ba, domin shi ma .exe ne kuma kowa yana iya sa wa mugun shirinsa wannan suna.

Shawarar antibairos biyu ita ma ba na goyon bayanta idan duka biyun masu gadi ne na kowane lokaci. Sukan yi rububin fayil ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ɗaya ya zargi fayilolin ɗayan. Shi ya sa Defender yake janye jikinsa idan aka saka wani cikakken antibairos. Irin su Smadav na ƙasar Indunisiya, da ake yawan gani a shagunanmu, masu shi ma suna tallata shi ne a matsayin ƙari mai kula da filash, ba madadin babban ba.

Ɗalibi, Batagarawa:

Na karɓi gyara, kuma ina godiya, Baba da Injiniya. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Idan har wutsiya suna ce kawai da kowa zai iya sauyawa, to ta yaya antibairos yake gane irin fayil? Kuma idan na ɗauki bairos na sauya wutsiyarsa daga .exe zuwa .jpg, ya zama hoto ke nan ya daina cutarwa?

Malama, Ƙofar Marusa:

Tambayarka ta yi kyau, ɗana. Wutsiya kamar hula ce, ana cirewa a sa wata, kuma Windows da ita take duba wace manhaja za ta miƙa wa fayil. Amma yawancin fayiloli suna da wata shaida a farkon abin da ke cikinsu, kamar tsagar fuska da mutanen da suke gane asalin mutum da ita ko wace irin hula ya sa. Duk shirin Windows yana farawa da haruffa biyu, MZ, waɗanda farkon sunan Mark Zbikowski ne, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin MS-DOS. Fayil ɗin PDF yana farawa da %PDF. Fayil ɗin zip yana farawa da PK, daga sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro tsarin. Abin da zai ba ka mamaki shi ne .docx da .xlsx da .apk na wayar Android duk da PK suke farawa, domin a haƙiƙa zip ne aka sa musu wata hula. Ka kwafi wata takardarka ta Word, ka sauya wutsiyar kwafin zuwa .zip ka buɗe, za ka ga foldoji a ciki. Antibairos na kirki wannan shaidar yake karantawa.

Idan ka mayar da .exe zuwa .jpg, dannawa ba za ta tayar da shi ba, manhajar hoto ce za ta karɓa ta ce ba ta gane ba. Amma yana nan da dafinsa, kuma wani shirin yana iya mayar masa da sunansa ya tashe shi.

A cikin kundin kuwa ba sunayen fayiloli aka jera ba. Akwai lambobin da ake lissafowa daga dukan abin da ke cikin fayil, irin su SHA-256 mai harafi 64, waɗanda ko ɗigo ɗaya aka sauya a fayil sai sun sauya gaba ɗaya. Akwai guntayen rubutun shiri da aka san dangin wata cuta da su, akwai kuma dokokin da suke lura da hali, misali shirin da ya fara ɓoye foldoji yana ƙirƙirar gajerun hanyoyi. Wanda yake son ya gwada nasa antibairos ba tare da haɗari ba, akwai fayil ɗin gwaji na EICAR, rubutu ne mai harafi 68 da ba ya cutar da komai, amma kamfanoni suka amince su riƙa kama shi kamar bairos. Ana ba da shi a matsayin .com da .txt da kuma cikin zip, daidai don a ga ko manhajar tana duba ciki ne ko hula kawai take kallo.

Kuma ka cire .pdf da takardun Word daga jerin waɗanda ba a zargi. Tsohon tsarin .doc yana iya ɗaukar ƙananan umurnai da ake kira makaro, kuma da su cutar Melissa ta yaɗu a 1999. Tun daga Office 2007 aka raba, .docx ba ta tayar da makaro, .docm da .xlsm kuwa suna yi. Takardar da ta ce sai ka danna Enable Content kafin ka ga abin da ke cikinta, a bar ta a rufe.

Injiniya, Daura:

Ƙari ɗaya a kan na Malama, domin ya shafe mu masu rubutu da Larabci da Ajami. A tsarin haruffan kwamfuta akwai wata alama da ba a gani, mai lamba U+202E, wadda aikinta shi ne ta juya rubutu ya riƙa tafiya daga dama zuwa hagu. Masu mugun nufi sukan cusa ta a tsakiyar suna, ta yadda fayil ɗin da ainihin ƙarshensa fdp.exe ne zai bayyana a ido yana ƙarewa da exe.pdf. A nan ko nuna wutsiyoyi ba zai cece ka ba, sai dai layin nan mai faɗin irin fayil, wanda zai rubuta Application a gaban abin da yake ikirarin takarda ce.

Mai Gyara, Sabuwar Unguwa:

Injiniya, gaskiya daga ɗakin killacewa na dawo da shi, wannan ka ci ni. Amma ban sauka daga kan cewa kwamfutar da wani aiki mai muhimmanci ya rataya a kanta tana buƙatar kwafin ajiya kafin a yarda da kowace sabuntawa ba.

Tun da ana maganar Windows Security, Mai Shago ka leƙa wurin da ake kira Exclusions. Nan ne ake gaya wa Defender abin da zai kawar da kai daga gare shi, ko fayil, ko folda, ko ma wutsiya sukutum. Yaran da suke saka manhajojin sata sukan bi umurnin da ya ce a kashe antibairos ko a keɓe folda kaza, kuma na sha tarar da kwamfutar da aka keɓe .exe gaba ɗaya, kundinta sabo fil amma ba ya kallon komai. Ta wannan ƙofa ce cutar garkuwa da fayiloli take yawan shigowa, wadda za ka wayi gari ka ga kowane hoto da takarda an liƙa masa wata baƙuwar wutsiya mai harafi huɗu, tare da wasiƙar neman kuɗi mai suna _readme.txt. A irin wannan, cire wutsiyar ba ya dawo da komai, domin cikin fayil ɗin aka kulle.

Mai Shago, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi matakan Malama ɗaya bayan ɗaya. Binciken ya kama wani fayil na .vbs a cikin kwamfutar da wani irinsa a filash ɗin, kuma bayan na rubuta umurnin attrib sai ga foldojin yarinyar sun fito cif, har da babi biyar na aikinta. Na kira ta, ta zo da mahaifiyarta suka karɓa, na kuma sa ta aika wa kanta kwafi ta imel a gabana.

Malam Mai Gyara, ka yi duba na gaskiya, domin na tarar da foldar Downloads ɗungurungum a cikin Exclusions, kuma yaron ya amsa cewa shi ya sa ta lokacin da yake saka wata manhajar gyaran hoto. Na cire ta daga Exclusions. Ita ce kuma ta cika ma'ajiyar, da finafinan da yake saukewa idan na tafi masallaci da kuma tsofaffin takardun mutane da aka ɗauki hotonsu tun bara. Fayilolin .vdm suna nan ban taɓa su ba.

Saura abu ɗaya. A Protection history na ga wani fayil da aka killace tun watan jiya, sunansa kamar na direban tsohuwar firintata, wadda tun lokacin ta daina aiki. In dawo da shi?

Injiniya, Daura:

Kada ka dawo da shi tukuna. Ka fara duba inda aka ɗauko shi, wanda Protection history zai nuna maka. Idan daga Downloads ne ko daga wani filash, ka bar shi a can, ka je shafin kamfanin firintar ka sauke sabon direba da lambar samfurinta. Idan kuwa daga foldar da kamfanin ya girka shi ne, kana iya dawo da shi ba tare da ka buɗe ba, ka ɗora shi a VirusTotal, shafin da Google ta saya a 2012, wanda yake gwada fayil da injinan kamfanoni masu yawa a lokaci guda. Sai dai direba kawai za ka ɗora, ban da takardun abokan cinikinka, domin abin da aka ɗora a can masu bincike na kamfanonin tsaro suna iya samunsa. Ka turo mana sunan da Defender ya ba cutar da kuma samfurin firintar, in duba maka da dare idan an kawo wuta.